Haɓar Dogo

Aikinsa na asali ɗinkin kujerun mota ne. Shagonsa yana bayan gareji, ɗaki ɗaya mai warin gam da tsohon soso, kuma tun gashinsa yana baƙi ake kiransa Mai Kujera. Ya haura shekara arba'in yana farke tsohuwar leda yana ɗora sabuwa. A duk tsawon shekarun nan wata huɗu kacal ya yi aikin fim, amma a kan wata huɗun nan ake tambayarsa har gobe.

Yadda aka yi, wasu masu shirya fim ne suka kawo motarsu gyara. Daraktansu ya tsaya yana kallon yadda yake lanƙwasa roba a kan soso ba ta tattare ba, sai ya tambaye shi ko zai iya ɗinka fatar halittar da ido bai taɓa gani ba. Mai Kujera ya ce in dai za a ba shi awo, babu abin da ba ya ɗinkuwa. Labarin fim ɗin na wata halitta ne da ta faɗo daga sararin samaniya ta shige magudanun ruwa na ƙarƙashin gari, tana fitowa tana ɗauke mutane. Da aka zo neman dogon mutum siriri da zai shiga rigar, ba a je da nisa ba. Ɗan Mai Kujera na fari yana nan, ɗan shekara goma sha tara, wanda kowa ke ce wa Dogo saboda sai ya sunkuya yake shiga shagon ubansa.

Gangar jikin dodon guda uku aka ɗinka, amma kan guda ɗaya ne tak, domin shi kaɗai sati shida ya ci. Kowace safiya sai an yi awa biyu ana manna shi da gam a wuyan rigar. Cirewa kuma sai da mai da ƙaramin burushi, a hankali, minti arba'in. In aka fizge shi ya yage, in ya yage aiki ya tsaya. Don haka Mai Kujera ya kafa doka: ba mai taɓa kan sai shi, kuma ba a cirewa sai a ɗan ɗakinsa na bayan sito, ƙofa a rufe. Darakta ya ji daɗin dokar, ya ce gara ma 'yan wasa kada su saba da fuskar yaron, tsoronsu zai fi fitowa. Dogo yakan yini a cikin rigar, yana shan ruwa ta siririn bututu da ake zura masa ta bakin dodon.

Wata rana ya ce ta cikin robar, "Baba, ko a kurkuku fa ana buɗe wa mutum taga."

Uban ya ce na kurkuku ba a yi sati shida ana ɗinka masa kai ba. Duk wanda ke wurin ya yi dariya, har da Dogon, domin an ga kafaɗun dodo suna rawa.

Fim ya fita, ya yi suna fiye da yadda masu shi suka zata. Mai Kujera ya koma kan kujerunsa, Dogo ya shiga koyon aikin lantarki. Shekara huɗu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara, a na goma aka binne shi. Hotonsa ɗaya ne a gidan, na katin makaranta, hatimi ya cinye rabin kumatunsa, kuma bai yi murmushi a ciki ba.

Awon yaron bai taɓa ɓace wa uban ba. Wuya inci goma sha huɗu da rabi, kafaɗa goma sha bakwai, hannu ashirin da takwas. Ko daga barci aka tashe shi zai faɗa. Fuskar ce take zamewa. Da farko idan ya rufe ido yakan ga yadda bakin yake karkacewa kafin dariya. Daga baya sai hoton katin ya maye gurbin komai, har da hatimin.

Da fim ɗin ya cika shekara ashirin, aka yi shirin talabijin kan yadda aka yi shi. Da ya cika talatin aka yi wani. A duka biyun darakta ya yi dogon bayani, 'yan wasa sun ba da labarin yadda suka tsorata, shi kuma Mai Kujera an ba shi minti uku ya yi maganar roba. Wanda ke cikin rigar kuwa, an ce ɗan mai ɗinkin ne, aka wuce. Akwai hotunan bayan fage da yawa: dodo a zaune a gaban fanka, dodo yana jiran a gyara fitila, dodo riƙe da laima. Mai Kujera yakan tsayar da kaset ɗin, ya matso da kujera, ya koma baya, ya sake tsayarwa. Yana gane tafiyar, da yadda kafaɗar hagu take ɗan sauka. Fuska dai babu ko sau ɗaya.

Uwar Dogo ba ta taɓa zama ta kalla ba. Takan wuce da tsintsiya ta ce zai cinye kaset ɗin nan da ido. In ya ce ta zo ta ga tafiyarsa, sai ta ce ita ba wannan abin ta haifa ba.

Bara ne wata mata mai shirya irin waɗannan shirye-shirye ta zo shagon. Ta ce mai ɗaukar hoton fim ɗin ya rasu, kuma 'ya'yansa sun tarar da gwangwanayen faifai a sitonsa, kusan awa shida na bayan fage da ba wanda ya taɓa kallo. Tana so ta yi shiri na uku. Mai Kujera bai ɗago daga ɗinkinsa ba. Ya ce maganar roba ta ishe shi, amma in za ta duba masa abu ɗaya a cikin awa shidan nan, zai zauna mata ko yini guda ne. Ya gaya mata abin. Ta rubuta a takarda, duk da ba abin mantawa ba ne.

Sati uku bayan haka ta kira shi. Ta ce akwai wani wuri, amma gara Baba ya zo ya gani da idonsa.

Uwar Dogo ta goge masa riga, ta wanke masa tabarau. Ya ce ta shirya su tafi tare, ta ce ofishin a bene yake, gwiwoyinta ba za su iya ba. Bai yi mata musu ba, ko da yake jiya-jiya ta hau tsani ta sauko da tabarma daga kan rufi. A bakin ƙofa ta ce, "Ka duba mini ko wushiryarsa ta fito."

Ɗakin ƙarami ne, labule a sauke, kwamfuta biyu a kan tebur. Matar ta ba shi kujerar da ta fi kusa da allo, ta ce faifan ba shi da murya. Ta danna.

Dodo ne zaune a kan akwati, rana tsaka, ƙirjinsa yana hawa da sauka. Bututun ruwan ya faɗi ƙasa, ba wanda ya lura. Ya waiga dama, ya waiga hagu, sannan ya sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙin robar ya fara ɗagawa. Gam ya saki ta gefe ɗaya. Haɓa ta fito, jiƙe da gumi, da ɗan gemu da bai gama tsirowa ba. Leɓen ƙasa ya fito. Sai wani mutum mai singileti ya shigo da gudu, bayansa ga kyamara, ya buge hannun, ya danna robar ta koma, ya bi bakin wuyan da babban yatsa yana mannewa. Mutumin ya juyo, ya ga ana ɗauka, ya tako ya ɗora tafin hannunsa a kan kyamara. Fuskarsa ta fito tsaf, ta mutum mai ƙarfi da ya san aikinsa.

Mai Kujera ya gane mutumin: shi ne da kansa. Ranar ba ta cikin abin da yake tunawa ko kaɗan.

Ya ce a maimaita. Ta maimaita sau shida. Ya tambaya tsawon nawa ne daga fitowar haɓar zuwa rufewarta, ta duba ta ce bai kai sakan biyu ba. Ya tambaya ko akwai wani wurin, ta ce ta bi awa shidan sau biyu. Sai ta ce yanzu kwamfuta tana iya ɗaukar hoton katin ta ƙarasa fuskar, har ta sa ta motsi. Ya ce ya gode, amma ya riga ya ɗinka wa yaron fuska sau ɗaya.

Alkawari kuwa ya cika shi. Ya zauna mata har la'asar, ya yi bayanin soso da waya da gam dalla-dalla, bai tsallake komai ba.

Da ya dawo gida ya tarar da uwar Dogo a inda ya bar ta, kusa da ƙofa. Ba ta yi masa sannu da zuwa ba.

"Ka gan shi?"

"Na ga haɓarsa. Da leɓen ƙasa."

"Wushiryar fa?"

"An rufe kafin ta fito."

Ba ta tambayi wanda ya rufe ba. Ta karɓi tabaran daga hannunsa ta mayar cikin gidansa, ta ce abincinsa yana kan tebur, ya huce.

Washegari ya buɗe shago da ƙarfe bakwai. Akwai kujerun wata bas guda goma sha huɗu da ke jira, ya ɗauki reza ya fara farke ta farko.