Hannun da Ya Karɓi Kukuma

Na yi aikin ɗab'i tun ina saurayi har kaina ya yi furfura, yawancinsa a wata maɗaba'a da ke Bompai, kuma ban taɓa yarda cewa akwai ƙaramin kuskure a kan takarda ba. A makarantar mishan da na yi, malamin rubutu yakan ɗora rula a kan littafin yaro. Idan harafi ɗaya ya gota layi, a sake shafin gaba ɗaya. Da wannan horo na shiga jera haruffan dalma, da shi kuma na ajiye aiki. Na faɗi wannan ne domin mai karatu ya san irin idon da na je da shi Sharaɗa ranar da jikata ta gayyace ni in ga aikinta.

Jikar tawa tana tsara shafuka a kwamfuta, a wata mujallar kiɗa da waƙa da wasu matasa ke fitarwa. Tun tana ƙarama take zama kusa da ni idan ina bin jarida da jan biro, kuma a nan ta ji ƙa'idojin da nake maimaitawa: a bar wa rubutu gefe ya sha iska, kada a ɗora harafi a kan mutumin da ke hoto, kada jikinsa ya faɗa cikin ninkin takarda, kuma wanda ke cikin hoto ya kalli cikin shafi, kada ya kalli waje, domin idon mai karatu yakan bi idon hoto. Ban san tana ajiye su ba. Na ɗauka gyaɗar da ke aljihuna ce ke zaunar da ita.

A wannan fitowar, an ba ta manyan shafuka biyu na tsakiya a karon farko. Labarin na wani mai kukuma ne da ya rasu a daminar da ta wuce, maƙwabcina na shekaru masu yawa a Dakata. Ni ba mutumin kiɗa ba ne, kuma shi ma ya sani. Amma mutum ne mai kamun kai, wanda ya yi rayuwarsa yana yi wa ma'aikatan majema da masaƙa na Challawa kiɗa a ranakun hutunsu, mutanen da suka baro ƙauyukansu kuma suke son jin muryar gida. Bai taɓa wuce ƙofata bai tsaya ya gaishe ni ba.

Hoto ɗaya tak ya bari mai kyau, baƙi da fari, wanda aka ɗauka yana matashi. Mahaifinsa, wanda shi ma mai kukuma ne, yana zaune a kan tabarma a hagun hoton. Shi kuma yana durƙushe a dama, ya miƙa hannu yana karɓar kukumar daga wurin tsohon, ɗaya hannun a ƙirjinsa. Ranar da uban ya sallama masa sana'a ke nan. Matar marigayin tana ajiye da hoton a cikin akwatin tufafinta, kuma da matasan suka nema ta hana. Ni na je da kaina na roƙa. Ta ce, "Malam, don ku ne. Shi ke nan abin da jikokinsa za su san shi da shi." Na ce mata ba abin da zai same shi, kuma za a fitar da mijinta yadda ya dace.

Ranar bugu jikata ta taso daga Zawaciki ta ɗauke ni. Tun a mota take tsokanata, kamar yadda jika ke yi wa kaka.

"Angona, yau dai ka bar jan biron nan a gida ko?"

"Yana aljihuna."

"To wallahi idan ka ja min layi a gaban mutane, auren nan ya mutu."

"Da ma ban ga tuwon da ake yi min a cikinsa ba," in ji ni.

Maɗaba'ar tana cikin wani tsohon sito a Sharaɗa, tsakanin kamfanin robobi da wani wurin da aka daina aiki. Injin nasu mai launi huɗu ne, kuma na yarda yana da tsabta. An riga an ɗaura farantan bugu, wato fallayen ƙarfen da ke ɗauke da hoton shafukan, an gwada 'yan takardu domin a daidaita tawada. Editan mujallar, wani saurayi mai ladabi da gilashi, ya gaishe ni ya ba ni kujera, sannan jikata ta shimfiɗa takardar gwaji a kan tebur, ta ja da baya tana jiran yabo.

Abin da na fara gani shi ne ja. Shafin dama gaba ɗaya ja ne kamar manja, rubutun kuma fari a kansa, ƙanana, irin wanda mai shekaruna ba zai karanta layi uku ba sai idonsa ya yi ruwa. Kanun labarin, da aka ɗora a saman hoton, an karkata shi kamar zai zame ya faɗo, harafin farko ya kusa kai tsawon tafin hannuna, kuma ruwan ɗorawa ne. Hoton ya cinye shafin hagu har baki, ba gefe ko na kaurin farce. An tsamo wata jimla daga cikin labarin an ƙara mata girma an dasa ta a tsakiyar rubutu, har layuka suna kewaye ta kamar masu kauce wa rami. A zamaninmu, wanda ya kawo wa shugaban aiki irin wannan, gida zai tafi.

"Haka ake yi yanzu, Baba," in ji editan, da ya ga fuskata. "Mujallar kiɗa ce. So muke shafi ya yi ƙara tun kafin a karanta."

"Ya yi ƙara," na ce.

Na yi niyyar in yi shiru a kan wannan duka, domin ba zamanina ba ne kuma ba mujallata ba ce. Sai na mai da ido kan hoton da kyau. Na ga tsohon yana dama, ɗan yana hagu. Na cire gilashina na goge na mayar. Aljihun rigar uban, da aikin da ke kansa, ya koma ɗaya ɓangaren ƙirji. Maƙwabcina kuwa, wanda ban taɓa ganin ya miƙa wa ko yaro abu da hagu ba, yana durƙushe gaban mahaifinsa, ya miƙa hannun hagu yana karɓar gadon gidansu.

Ƙarar injin kamar ta yi nisa. A shekarun da na yi a wannan sana'a na ga an buga suna ba daidai ba, na ga an sa hoto a kife, na ga shafi ya fito babu rabinsa. Duk waɗannan kuskure ne da kowa zai gani ya gane kuskure ne. Wannan kuwa babu wanda zai ce na maɗaba'a ne. Duk wanda ya buɗe mujallar zai gaskata abin da ya gani, ya ce ashe haka mutumin yake.

"Wa ya juya hoton nan?" na tambaya.

"Ni ce," in ji jikata, da fara'arta. "Ka lura ke nan. A na asali bakin takarda yake kallo, ya ba labarin baya. Kai ka koya min, Tsoho: fuska ta kalli cikin shafi."

"Na koya miki. Mu idan hoto ya kalli waje, hoton muke ɗauka mu kai shi ɗaya shafin. Ba mu taɓa juya mutum ba."

"Ai danna abu ɗaya ne kawai. Kowa yana yi."

"Da wane hannu yake karɓar kukumar?"

Ta sunkuya ta duba. Na ga ta ɗaga hannunta tana kwaikwayon yadda ya miƙa nasa, ta dubi hannun, ta sake duban takardar. Fara'ar ta tafi. Ta yi makonni tana kallon hoton nan a kwamfuta, tana gyara haskensa, tana share tabon da tsufa ya yi masa, amma layi da launi take gani, ba ta ga ɗa da uba ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro, domin yarinya ce mai tarbiyya. Da a gida ne wani ya miƙa min ruwa da hagu, ita za ta fara tsawata masa.

Editan ya matso ya duba shi ma. Sannan ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma an riga an yi faranti, kuma masu ɗinke mujallar suna jiran takardun nan yau. Tsakani da Allah, mutum nawa ne za su lura?"

"Matarsa za ta lura. Duk wanda ya taɓa zama ya ji kiɗansa a Challawa zai lura. Su ne kuma za su nemi mujallar nan, ko da ba su taɓa sayen wata ba."

"Za mu iya ba da haƙuri a fitowa ta gaba."

"Haƙurin zai zama layi biyu a wani lungu. Hoton kuwa shafi guda ne, kuma shi za a yanke a manna a bango." Na miƙe tsaye. "Ɗana, hoton nan amana ne a hannuna. Ni na karɓo shi, da bakina na yi alkawari. Idan haka zai fita, ban yarda a yi amfani da shi ba. Ku sa wani abu a wurin."

Ya san ba su da wani abin. Ya dubi jikata, ita kuma ba ta ɗago kai ba. Can ta ce wa editan, a hankali, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Idan ya fita haka, a cire sunana daga shafin."

Editan ya fita ya yi magana da mai kula da injin, ya jima, ya dawo. Ya ce za a sake farantan wannan takarda, amma da sharaɗi: babu lokacin sake tsara shafukan biyu. Ba za a kai hoton dama a dawo da rubutu hagu ba, domin wannan aikin yini ne. Abin da za a iya kawai shi ne a mayar da hoton yadda yake, a inda yake.

Muka shiga ƙaramin ɗakin da kwamfutar take. Ta danna, hoton ya koma daidai, hannun dama ya dawo wurinsa. Nan take kuma shafin ya lalace a gaban idona. Mai kukuma ya juya wa labarinsa baya yana kallon bakin takarda. Kanun, wanda dā yake zaune a kan bangon da babu kowa, yanzu ya sauka a kan hular tsohon. Ƙafar maƙwabcina da gefen rigarsa sun shige cikin ninki, inda ƙusar ɗinki za ta bi. Ƙa'idoji uku daga cikin waɗanda na yi rayuwata ina karewa sun karye a shafi ɗaya.

Ta rage girman kanun ta ɗaga shi sama har ya bar hular, amma ya matse a kusurwa kamar wanda aka kora. Sauran ba abin da za ta iya yi musu. Ta juyo ta dube ni. Babu tsokana a muryarta.

"Kaka, ka gani. Ya ba shafin baya. In tura haka?"

Ban taɓa sa hannu a kan shafin da na san yana da aibi ba. Na tsaya ina kallonsa, ina neman wata dabara da za ta ceci duka biyun, kuma ban samu ba.

"Mahaifinsa yake kallo," na ce. "Tura."

Muka zauna har aka kawo sababbin farantai aka ɗaura, takardun suka fara fitowa. Na ɗauki ɗaya tana da ɗanshin tawada na duba. Jan yana nan yadda yake, fararen haruffan suna nan ƙanana, kuma har yau idan na buɗe shafin sai idona ya fara sauka a kan aibinsa. Ba shafi ne mai kyau ba, kuma ban gaya wa jikata cewa mai kyau ne ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Da mujallar ta fito, na kai wa matar marigayin kwafi ɗaya tare da hotonta a cikin ambulan. Ta fara buɗe ambulan ɗin ta duba hoton gaba da baya, ta ajiye a cinyarta. Sannan na buɗe mata tsakiyar mujallar. Ba ta iya karatun boko ba, saboda haka shafin dama bai dame ta ba. Ta daɗe tana kallon na hagu, ta kira wata jikarta da ke tsakar gida ta ce ta zo ta ga kakanta ranar da aka ba shi kukuma.

"Sun ƙara masa girma," ta ce da ni. "Amma shi ne. Allah ya saka da alheri, Malam."

Na ce amin, na yi mata sallama, na koma gida.