Ranar da Dubu Goma da Ɗaya Ta Rabu

Ban taɓa mantawa da ranar da wata ɗaliba ta gyara mini lissafi a gaban jama'a ba. A ƙarshen shekarun casa'in ne, jihar Zamfara tana sabuwa, ni kuma ina jami'in duba darasin lissafi a shiyyar Gusau. Aka shirya gasa tsakanin makarantun sakandare, wadda ta ci ita za ta wakilci shiyya. Ni na tsara tambayoyin, ni ne kuma alƙali.

Tambaya ta ƙarshe a kan lambar firam take, wato lambar da ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da ita kanta. Na zaɓi 10,001, a faɗi ko firam ce ko a'a. Ƙa'ida ita ce a gwada raba ta da kowace firam da ke ƙasa da ɗari, tunda ɗari sau ɗari dubu goma ne. Ni kuwa da nake shirya takardar amsa, ina kaiwa 47 na gaji, na ce ai wannan ko da gani ba ta rabuwa, na rubuta "firam ce".

Makarantun Tsafe da Bungudu suka zo kunnen doki, aka ba su minti goma sha biyar. Bungudu suka ce firam ce, na ba su maki. Har an fara tafi, sai wakiliyar Tsafe, Hadiza, 'yar Kucheri, ta ɗaga hannu.

"Malam, ka yi haƙuri, wagga lamba tana rabuwa. Saba'in da ukku sau ɗari da talatin da bakwai."

Shugaban taron, wani tsohon firinsifal, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam Garba, abin da ke takarda shi ne hukunci. Kada mu buɗe ƙofar gardama."

Gaskiya na so in bi maganarsa, don kunya ta kama ni ƙwarai. Amma na kalli takardar yarinyar, ta cika gaba da baya da rabawa, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na tashi na ɗauki alli, na ninka lambobin biyu a kan allo. 10,001 ta fito cif.

Na juyo na ce, "Kuskuren nawa ne. Na tsaya a 47, ita ba ta tsaya ba." Tsafe ta wakilci shiyya.

Malamin da ya kawo ɗaliban Bungudu ya daɗe yana tsokanata, duk inda muka haɗu sai ya ce, "Ranka ya daɗe, yau a nawa aka tsaya?"

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani lamba ba ruwanta da muƙamin wanda ya rubuta amsa. Har na yi ritaya, duk lokacin da zan ce "na duba", sai na fara tambayar kaina ko na kai saba'in da uku.