Allurar da Ba Ta Zama a Sifiri

Maigidana ya yi soja a sashen sadarwa. Da ya yi ritaya muka dawo Rikoto, ya kafa tebur a zaure yana gyaran rediyo da amsa-kuwwar coci. Mutane suna ce masa Saja, ni ma haka nake kiransa. A shekarun da wayar salula ta fara shigowa Zuru idonsa ya yi rauni, sai na zama mai karanta masa mita, ni da na tsaya a firamare.

Akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, masu gyara suna ce masa ayisi. Aikinsa ya karɓi wuta 'yar kaɗan ya ƙara mata ƙarfi. Saja ya ce a littafi, in ka haɗe ƙafafunsa biyu na shiga ba ka ba shi komai ba, to bai kamata ya fitar da komai ba. Amma bai taɓa ganin wanda ya bi littafin ba. Shi ya sa duk wanda aka kawo masa daga Legas sai mun gwada.

Da safe muke yi, bayan na share gida, kafin kwanon rufi ya ɗau zafi. Ya dasa ayisin a kan allon gwaji, ya haɗa batir, ni kuma in faɗa masa inda allurar mita ta tsaya. Sannan ya ɗora babban yatsansa a kai ya ɗumama shi, ina kallon allurar tana rarrafe. Wanda allurarsa ta yi nisa ya ajiye wa rediyo. Wanda ya natsu ya sa a kwalin ashana, ya rubuta lambar da na karanta da manyan baƙaƙe. In na yi saurin faɗa sai ya ce, "Maman yara, bar ta ta gama tunani."

Wata ungozoma daga Wasagu ta kawo sikelin awon jarirai, wai yana nuna nauyi ba kowa a kai, da rana kuma ya ƙara. Ta kasa sanin jaririn da ke ramewa. Saja ya buɗe, ya cire ayisin, ya ce nan matsalar take. A satin ya kwanta ciwo, bai tashi ba.

Bayan wata biyu ta dawo a kan kabu-kabu, ta yi mini ta'aziyya, ba ta ambaci sikelin ba. Ni na ce ta dawo jibi.

Na ɗauko kwalayen, na zaɓi uku masu ƙananan lambobi, na sake gwada su. Biyu sun tsaya daidai inda ya rubuta. Na ɗora yatsana, na jira. Na ɗauki wanda ya fi natsuwa na danna a gurbinsa, na murɗa 'yar ƙusar saiti yadda nake gani yana yi, har sikelin ya nuna sifiri. Na bar shi a zaure har azahar, bai motsa ba. Na ɗora ƙarfen kilo ɗaya da yake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, ya nuna kilo ɗaya.

Da ta zo ta tambayi wanda ya gyara. Na ce Saja ne ya auna, ni na sa. Muka naɗe sikelin da tsohon zane saboda gargadar hanya, na taya ta ɗaure shi a bayan babur.