Sunayen Kifaye da Wasan Ƙanƙarar Fuseini

Kakarmu Adisa ba ta taɓa hura wuta don tatsuniya ba. Wutarta ta sana'a ce. A gidanmu na Kaladan take turara shinkafa, ta dafa ta da ƙaiƙayinta a wata ƙatuwar tukunya, gari ya waye ta shanya, sannan a kai inji. Sai bayan magariba take ɗora tukunyar, don da rana zafin Tamale kaɗai ya ishi mutum. Ni da Fuseini, ɗan'uwan tagwaicina, mu ne masu tura itace, ladanmu kuma labari. In wuta ta yi kyau labarin ya yi tsawo. In muka shagala hayaƙi ya shige mata ido, sai ta datse shi a tsakiya ta ce bakinta ya gaji.

Ni ne Alhassan, ni na fara fitowa duniya, amma Fuseini ne ya fito da baki. Kaka takan fara da cewa, "Ga ta nan ta iso ƙofa." Kafin in buɗe baki ya riga ya amsa, "A buɗe mata ta shigo."

Akwai wata tatsuniya da take yawan maimaitawa, wadda ni ba na so ko kaɗan. Wai wata mata ce a bakin kogi, tana da ɗa guda. Ya je wanka, mutanen ruwa suka riƙe shi. Ba su cuce shi ba, ɗaki suka ba shi a ƙarƙashin kogi, ya zama nasu. Sau ɗaya a shekara, in ruwa ya janye har wani dutse ya fito, sai ya hau kan dutsen ya zauna. Uwar ta zo bakin gaɓa da gudu. Amma ba ya tambayar gida, ba ya tambayar lafiyarta. Zancen kifi kawai yake yi: yadda tarwaɗa ta kori karfasa daga raminta, yadda giwan ruwa ya tsufa har ƙanana suka fara raina shi. Shekarar farko uwar ta katse shi, ta ce, "Yaushe za ka dawo gida?" Ya dube ta, ya sulale cikin ruwa. Ba ta sake ganinsa ba sai da shekara ta zagayo.

Kafin nan ta bi masunta ta koyi sunan kowane kifi da halinsa. Da ya fito ya ce tarwaɗa ce mai gaskiya, sai ta ce ƙarya ne, karfasa ce ta fara haƙa ramin. Ya gyara zama. Suka yi ta gardama har rana ta faɗi, gobe ma haka, jibi ma haka, har damina ta zo ruwa ya rufe dutsen.

A nan Kaka take yin shiru ta shiga juya shinkafarta.

"To ya dawo gida?" in ji Fuseini.

"Wa ya ce maka zai dawo? Na ce maka ya zauna har rana ta faɗi."

"Matar nan ba ta da wayo kuraa, ko kaɗan. Ni da taru zan zo in jawo shi."

"Tura itace, mai taru," in ji Kaka, tana dariya.

Ni dai haushi nake ji. Tatsuniyar da ba a yi biki ba, ba a lakaɗa wa kura duka ba, ban ga amfaninta ba.

Mun girma, na zama mai gyaran firij, Fuseini kuma ya samu hanya ya tafi Kanada. Can takardunsa suka maƙale, in ya fito ba zai iya komawa ba. Kaka ta rasu bai zo ba. Mahaifiyarmu ta bi ta, nan ma bai zo ba. Duk wanda ya kira shi daga gida tambaya ɗaya yake yi masa, yaushe zai dawo, kuma ni na fi kowa yi, har da faɗa. Sai ya daina ɗaukar waya. Gidan Kaladan ya zama daga ni sai matata Memuna sai 'yan haya. Murhun Kaka yana nan a tsakar gida, kaji ke kwana a ciki. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a shekarun nan. Mutumin da kuka kwanta ciki ɗaya da shi, in ya yi maka shiru, ko a tsakiyar kasuwa kake sai ka ji ba kowa.

Wata rana cikin zafin Afrilu, na dawo daga sallar asuba, sai na ga saƙon murya daga gare shi, dogo. Na buɗe. Ba sallama, ba ta'aziyya.

"Cale, mutumina Alhassan, ka ga abin da rafali ya yi mana? Mutum ya saka ma yaronmu sanda a ƙafa, kowa ya gani, amma namu aka kai benci. Minti biyu muna huɗu suna biyar, nan suka ci mu."

Sai da na saurara har ƙarshe na gane wasan hoki na ƙanƙara yake nufi, kuma ƙungiyar garinsu ta shiga wasannin fitar da gwani na neman kofi. Ni ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ke toshe firij ɗin mutane. Raina ya ɓaci. Na rubuta masa, "Yaushe za ka," sai yatsana ya tsaya. Muryar Kaka na ji sarai, kamar tana bayana da muciya. Na goge. Na rubuta, "Wane ne yaron, kuma me ya kai shi kusa da sandar?"

Amsa ta zo kafin in ajiye wayar.

Haka na shiga makarantar kifaye da furfurata. Wasan da dare ake yi a can, ni ina barci, sai da safe in kalli guntayensa a waya kafin in buɗe shago. Na koyi cewa ba ƙwallo suke bugawa ba, wani ɗan baƙin faifan roba ne, wanda sai da na yi mako kafin idona ya iya binsa. Na koyi cewa ƙungiya biyu suna karawa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu, wadda ta sha kashi ta tafi gida sai baɗi. Na koyi cewa in aka tashi kunnen doki, wanda ya fara ci a ƙarin lokaci ya gama magana. Na kuma gano abin da ya fi duk wannan muhimmanci: in na yarda da Fuseini saƙonsa gajere ne, in na musa masa sai ya yi ta zuba. Saboda haka na zama mai taurin kai. Yana son tsohon golansu, ni na ce gwiwarsa ta mutu, a saka matashin golansu. Ya ce kocinsu gwani ne, na ce matsoraci ne, da ya ci ɗaya sai ya koma tsaron gida.

Da aka fitar da su a shekarar, Fuseini ya nutse. Ban sake jin muryarsa ba sai Afrilu na gaba.

Masu wasan nan suna da wata al'ada: muddin ƙungiya tana cikin gasar, 'yan wasa ba sa aske gemu, magoya baya ma haka. Fuseini ya turo hotonsa da gemu buzu-buzu, ya ce in na aske nawa na karya musu sa'a. Ni ma na bari. Nawa ba ya fitowa da tsari, gefe ɗaya ya fi ɗaya. 'Yan unguwa suka fara kirana Afa, kamar yadda ake kiran malamai a nan. Madam Akosua, malamar makaranta da ke haya a gidanmu, ta tare Memuna ta ce, "Mijinki zai tafi Makka ne? Gemu ya yi yawa paa." Memuna ta ce, "Ƙanƙara yake wa takaba." Ban kula su ba.

Bana ƙungiyar ta kai zagayen kusa da ƙarshe, aka je har wasa na bakwai. Na san abin da ke kan layi, kuma ba kofi ba ne a wurina. Da safe na buɗe waya na ga an ci su a ƙarin lokaci, faifan ya bi ta tsakanin ƙafafun tsohon golan. Na kalli yadda suka jeru bayan wasa, mutanen da suka yi mako biyu suna fasa wa juna baki, kowa yana ba kowa hannu. Na zauna a bakin murhun Kaka ina jiran shirun.

Sai wayar ta yi ƙara. Kira ne, ba saƙo ba.

"Ka yi gaskiya kan golan," in ji shi. Muryarsa ta dushe.

"Ba laifinsa ba ne, masu tsaron baya ne suka bar shi."

Bai ɗauki gardamar ba. Ya ce, "Ka san yadda na fara? A wurin aiki, lokacin cin abinci, ba mai yi mini magana. Ba sa zagina, amma ba sa ganina. Sai na koyi sunan 'yan wasa duka. Ranar da na ce kocin nan banza ne, wani tsoho ya juyo kujerarsa ya fuskance ni. Yanzu an gama, tebur zai koma shiru."

Duk shekarun nan na ɗauka ni kaɗai ne a bakin gaɓa, shi yana can cikin ruwa da jama'arsa. Ashe shi ma a bakin wata gaɓar yake zaune, yana haddace sunayen kifayen wasu don a juyo a dube shi. Abin da yake kawo mini kowane Afrilu shi ne kaɗai abin da ya samu a can, kuma da wuya ya same shi.

"Ka aske?" ya tambaye ni.

"Ban aske ba. Saura ƙungiya biyu. Wacce ka fi tsana, mu bi ɗayar?"

Ya yi dariya, irin ta bakin murhu, wadda na yi shekaru ban ji ba. Ya ce waɗanda suka fitar da su, Allah ya sa a yi musu cin kaca.

Kaka ba ta yi mana ƙarya ba. Ba ta ce ɗan zai dawo ba, kuma yanzu na san abin da ya sa take juya shinkafa a daidai wurin, ita da ta baro 'yan'uwanta a arewa ba ta sake ganinsu ba. Mako biyu na samu, bayansu ruwa zai rufe dutsen. Tambayar yaushe zai dawo ta zo mini har baki. Na haɗiye ta, na ce masa ai ƙungiyar da ya zaɓa mana ba ta da gola.

Na ji shi yana jawo kujera.