Wendell Mai Faɗaɗa Faifai

Shekara goma sha tara muka yi ofis ɗaya da Wendell Hrycan a ƙungiyar manoman alkama ta garinmu, a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada. Ni ina amsa wayar masu kukan kwamfuta, shi kuma yana kula da manyan na'urori biyu da ke ɗakin ƙasa. A cikinsu akwai ƙananan kwamfutoci wajen arba'in marasa jiki, kowace da aikinta da faifan ajiyarta. Idan faifan wata ya cika, Wendell ake kira ya faɗaɗa shi.

Ɗan manomi ne. Ciwon baya ya sauko da shi daga tarakta yana ɗan shekara talatin, ya koma makaranta ya koyi wannan sana'a. Yatsunsa manya ne, da biyu kawai yake buga rubutu.

Faifan iri biyu ne. Akwai siriri, wanda ba ya cin wuri a rumbun ajiya sai gwargwadon abin da aka zuba masa. Akwai mai kauri, wanda ke kame wurinsa duka tun ranar farko. Wendell ba ya yarda faifai ya canza iri wajen faɗaɗawa, kuma da dalili. A shekararsa ta farko ya ƙara wa wani siriri girma, bai lura umarnin da ya buga ya mayar da shi mai kauri ba. Rumbu ya cika maƙil, kwamfutoci goma sha ɗaya suka tsaya cak. Ba wanda ya yi masa faɗa, amma sai da ya kwana uku ba ya iya haɗa ido da mu. Daga ranar, sai ya rubuta irin faifan a takarda da fensir kafin ya taɓa komai.

Wata kaka, da rana tsaka, faifan kwamfutar ma'aunin da ke auna nauyin motoci ya cika. Manyan motoci shaƙe da alkama suka yi layi. Manajanmu, Tavis Lindqvist, ya gangaro ɗakin ƙasa yana haki, ni ina biye da shi.

"Wendell, ƙara masa kawai mana. Ai minti ɗaya ne."

"Minti ashirin ne, maigida. Mai kauri ne, kuma rumbun ba wuri."

"To mayar da shi siririn, ka huta mu huta. Layi ya kai gidan mai."

"Su sha kofi. In na sirantar da shi, jibi wata kwamfutar ta cinye wurin, ma'auni ya sake tsayawa. Lokacin ni za ka nema ko fensirina?"

Tavis ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Wendell ya kwashe wata kwamfuta da ba a bukatarta sai hunturu, ya kai ta rumbun ɗaya na'urar, wuri ya samu. Ya faɗaɗa faifan, ya duba takardarsa, ya duba allo, ya ce a kira mai ma'auni. Har aka gama kakar nan ma'aunin bai ƙara tsayawa ba.

Ashe yayansa Orest yana cikin layin. Da yamma ya leƙo ofis, hularsa duk ƙaiƙayi.

"An ce kai ne ka shanya mu a rana, malamin kwamfuta."

"Tun muna yara kake son hutu, Yaya. Yau na ba ka kyauta."

Orest ya zauna ya cinye rabin perogi, wato ƙullin fulawa mai dankali a ciki, da Marlys, matar Wendell, ta ƙunso wa mijinta, Wendell kuwa yana ta dariya.

Bara ya yi ritaya. Tavis ya so a yi biki babba, Wendell ya ce gasasshen nama a bayan ofis ya wadatar. Yanzu yana garejinsa yana tayar da wata tsohuwar tarakta ta mahaifinsu. Ranar Asabar na biya na gaishe su, na same shi zaune a kan bokiti, hannu baƙi ƙirin da mai, rediyo na ba da labarin yanayi. Ya ce injin ya yi tari sau biyu a makon nan, kuma Marlys ta yi alkawarin hawa in ta tashi.