Motar da Ta Fara da Ɗaukar Hatsi

Rabin Filinge sun ɗauka don burga na sayi motar nan. Ba haka ba ne, don idon Inna na saye ta. Ciwon yana ne ya rufe mata ido biyu, har ta kai sai da murya take gane jikokinta. Wani likitan ido da ya zo garinmu ya duba ta, ya ce aikin mai sauƙi ne, a kai ta Yamai a cire, amma kada a bari abin ya daɗe. To, kai ta Yamai ɗin shi ne aikin, domin Inna ba ta shiga mota.

Tana da dalilinta. Zamanin mulkin soja, ina ɗan makaranta, wata koriyar mota ta zo ƙauyenmu da hantsi, can gefen hanyar Sanam. Wani ne ya kai ƙarar Baba wai ya ɓoye hatsin taimako, alhali abin da ke rumbunsa guminsa ne. Masu kaki suka ce ya shiga, tambaya kawai za a yi masa. Inna ta bi motar da gudu har bakin gona, nan ta tsaya. Sai da damina ta wuce ya dawo, da tari, ba ya son magana, kuma bai ga wata daminar ba. Tun daga nan, ko biki ko rasuwa, Inna sai amalanken jaki.

Ni kuwa da wayona na malamin lakwal, wato makarantar boko, na ce ai motar baƙi take gudu, in tamu ce za ta shiga. Na je Yamai na samo wata doguwa fara, tsohuwar Turai da ta biyo ta Kwatano, irin mai kwashe iyali duka, mai ja da ƙafa huɗu, wadda muke ce wa kat-kat. Ta sha wuya, ƙofar baya sai an sa mata kafaɗa take rufuwa. Amma kujerunta! Yadi mai laushi, ko tabo babu. Ranar da na kawo ta na kafa doka: ba gyaɗa, ba fura, ba mai shiga da takalmi. Mai ɗakina ta ce saura in saya mata gidan sauro.

Lokacin kaka ne na nufi ƙauye. Rairayin da ke kafe motoci har a fito da shebur, ta bi ta kansa ko nishi ba ta yi ba. Ina ta murmushi ni kaɗai. Ina shiga ƙofar gida na hango Inna ta tashi daga gindin bishiyar bedi tana lalube, ta shige ɗaki.

“Kashe abin ga!” ta ce daga ciki.

“Inna, ni ne. Tamu ce.”

“Kai wanga, na san kai ne.” Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari. “Kukanta ɗaya da waccan.”

Wallahi raina ya ɓaci. Na tsaya tsakar gida ina ta faɗa ni kaɗai, wai mutum ya yi ta wahala saboda mutane, ko sannu babu. Ƙanwata da ke zaune da ita ta ajiye mini ruwa ta ce in sha in yi shiru. Na sha, sai tsoro ya maye fushin. In ta ƙi shiga, ke nan a gabana za ta makance.

Bayan la'asar ta fito, ƙanwata na riƙe da hannunta. Ta shafa motar tun daga hanci har baya, yadda take yi wa dabba in an kawo daga kasuwa.

“Mi ta taɓa ɗauka?”

“Turawa da 'ya'yansu.”

“Kai ka gani?”

Ni dai ban gani ba.

“Gidan ga,” in ji ta, “ko jaki anka sayo, ba a hawa nai sai ya ɗauko hatsi daga gona ya kawo rumbu. Sannan ya zama na gida. Hatsinmu na can gona. In ta kawo shi, sai in shiga.”

Gaskiya ne, haka na tashi na gani tun zamanin kakanmu, jaki ko sa ko sabon amalanke. Amma duk wanda ya taɓa ɗaukar damin hatsi ya san ƙaiƙayi, ya san in ya shiga yadi ya shiga ke nan. Na ce to, zan ɗaura dami ɗaya a saman motar. Ta ce ina! Inda za ta zauna, nan hatsi zai fara zama, kuma gonar duka take nufi.

Na kwance kujerun baya kamar ina cire haƙorina. Ta tsakiya, wadda za ta zauna a kai, dole na bar ta. Gonarmu tana bayan wani tudun rairayi da jakuna ke ƙin hawa, nan kuwa motar ta nuna kanta. Makwabta suka gani, sai ga su, suna kirana yadda ake kiran malamin lakwal: “Mushe, tunda ka biyo, ga namu nan kusa.” Ina tsaki ina ɗauka. Wuyana ya yi ja don susa, rigata ta lakwal ta tashi daga aiki.

Abin da ban lura da shi ba, ƙanwata ta gaya mini daga baya. Da farko, in Inna ta ji kukan injin sai ta daskare. Amma kowane zuwa, bayan kukan sai ta ji faɗuwar dami a ƙasa, da mata suna sannu da aiki. Wata rana da azahar, kafin kowa ya ji komai, ta ɗaga kai ta ce, “Ga ta nan tahe, ku buɗe rumbu.”

Da aka gama, ta sa aka yi fura da hatsin da motar ta kawo aka raba sadaka. Washegari ta yi bisimilla ta shiga. Ta riƙe wuyan rigata ta baya, har ina kasa numfashi, ban ce ta saki ba. Muka wuce Filinge tana riƙe. Wajen Bonkuku na ji hannun ya saki, na waiga, barci take. Na ja gefen hanya na kifa kaina a kan sitiyari, hawaye na zuba, ƙanwata na mini dariya ita ma tana share nata.

Aikin ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ranar da aka sallame ta, ta tsaya a ƙofar asibiti ta daɗe tana kallon motar.

“Wagga ce? Ashe mummuna ce,” in ji ta. “Waccan kuma koriya ce.”

Na buɗe mata ƙofar tsakiya, ta ƙi. Ta ce gaba za ta zauna, kuma kada in yi gudu.

“Ranar da anka tahi da babanku, bakin gona na tsaya,” ta ce. “Yau ina son in ga sauran hanyar.”

Na tada mota, muka kama hanyar gida a hankali, ita tana kallo, ni ina tuƙi da hannu ɗaya ina susa da ɗaya.