Shekarar da Malam Tukur Ya Ceci Filin Ƙwallo

Duk wanda ya san Malam Tukur ya san shi da ciki. Ba tumbin tuwo ba, don siriri ne kamar kara. Ƙwallo ce yake cusawa a ƙarƙashin babbar riga, ya yi ta yawo da ita a cikin Bagudo, daga aji zuwa kasuwa. Baƙo ya gan shi ya ce, "Sannu Malam, Allah ya ba da lafiya." Shi kuwa ya shafa cikin ya ce, "Amin, tana godiya."

Gimbiya yake kiranta. Ita kaɗai ce ƙwallon fata a 'yar kwalejin horon malamai da muka yi, shi kuma malamin wasanni, duk da cewa ban taɓa ganin ƙafarsa ta taɓa ƙwallo ba. Ni ne golansa a shekarar da aka samu 'yancin kai, don haka ku bar ni in ba ku labari, ku da kuka san shi da furfura kawai.

A farkon shekarar shugaban kwaleji ya tara mu ya ce ya gaji da abin kunya. In kakar wasa ta ƙare ba mu ci kowa ba, za a nome filin a shuka gyaɗa. Tun daga ranar malamin noma, Malam Audu, bai sake fashin kallon wasanmu ba. Zai zo da fartanya a kafaɗa, ya tsuguna a bakin fili yana murza ƙasa a hannu yana cewa, "Kai, wurin ga da taki!"

Kuna zaton wannan ya sa Malam Tukur ya sake mana Gimbiya? Ina! Da dunƙulen tsumma muke atisaye. Ita sai ranar wasa ake fito da ita, bayan an shafe ta da man shanu. Wasanmu na farko da samarin Lafagu, aka turo wa ɗan gabanmu Sani Dogo ƙwallo, ta daki ƙasa ta tsallake kansa. Ya tsaya baki buɗe, ya juyo ya ce, "Malam, wagga tsalle takai!" Da ya samu ya ɗirka mata ƙafa kuwa, sai ga Malam a bakin layi yana kururuwa: "A hankali, Dogo! Kar ka ji mata ciwo!" Manoma suka lallasa mu suka koma gona.

Sai maganar takalmi. Hukuma ta aiko mana da takalman ƙwallo, amma ƙafa biyu rak suka iso, wato na mutum guda. Muka zuba ido mu ga wa zai samu. Malam ya jujjuya su, ya miƙa na dama ga Dogo, na hagu ga wani mai buga gefen hagu. Dogo ya ce, "Malam, ɗayan hwa?"

"Da wace ƙahwa kake bugu?"

"Da dama."

"To hagun mi ta yi da za a saka mata?"

Haka Dogo ya ƙare kakar yana ɗingishi kamar wanda ya taka ƙaya, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Ranar da za mu Dole Kaina kuwa, a kwalekwale muka tsallaka kogin Kwara. Muna tsakiyar ruwa iska ta taso, jirgi ya fara rawa, kowa yana salati. Na waiwaya in ga ko Malam zai kwantar mana da hankali, sai na gan shi ya ɗaga Gimbiya sama da hannu biyu. Na ce, "Malam, kama jirgi! Ita ba ta nutsewa!" Ya harare ni ya ce, "Ka taɓa gwadawa?" Muka tsira daga ruwa, amma ba mu tsira daga 'yan Dole Kaina ba.

Haka aka yi ta yi har saura wasa guda, da ɗaliban wata makaranta daga Dahomey, ƙasar da yanzu ake kira Benin. Su ma shekarar suka samu nasu 'yancin, aka gayyato su wasan zumunci. Jama'a, da muka gan su sai muka dubi ƙafafunmu. Kowa da takalmi, hagu da dama! Ga sabuwar ƙwallo tana ƙyalli, ga alƙalin wasa nasu mai Faransanci. Malam Audu ranar har da kwandon iri ya zo.

Kafin hutu sun zura mini ɗaya. Da aka dawo Malam Tukur ya taka har tsakiyar fili, ya zaro Gimbiya daga riga ya dire. Ya ce an yi rabi da tasu, sauran rabin da tamu za a yi, in ba haka ba kowa ya tafi gida. Aka yi ta fassara daga Hausa zuwa Dandanci zuwa Faransanci, alƙali ya gaji ya yarda.

To Gimbiya ta sha faci har ta zama kamar gwanda. In ta daki ƙasa, ita kaɗai ta san inda za ta. Mu mun saba da wulaƙancinta, su kuwa sai shurin iska suke. Wani nasu ya kai mata ƙafa, ta kauce, ta bi ta tsakanin ƙafafun golansu ta shige. Ɗaya da ɗaya! Amma kunnen doki ba zai hana gyaɗa ba.

Dab da tashi aka kayar da Dogo a gaban raga, aka ba mu fenariti. Ya ajiye ƙwallo, ya ja baya yana ɗingishi, sai ya tsaya ya dubi Malam, don ya san doka. Malam ya dubi Gimbiya, ya dubi kwandon Malam Audu. Ya cire hula ya ce, "Dogo, kashe ta!"

Wayyo! Ƙara kamar bindiga. Gimbiya ta fashe a sama. Robar ciki ta faɗa hannun gola, fatar ta wuce ta kwanta cikin raga. Gola yana tsalle ya kama, mu muna tsalle mun ci. Aka rufu kan alƙali da harsuna uku. Malam ya ratsa ya tsinto fatar ya kai wa alƙali har hanci ya ce, "Ku tambaye shi, in an yanka rago, da hwata ake gane shi ko da hanji?" Aka fassara. Bawan Allah ya yi dariya har da riƙe ciki, ya busa usur ya nuna tsakiya, wato mun ci.

Ni dai zama na yi daɓas a ƙasa. Malam Audu ya zo ya yi wa Malam Tukur barka da ta'aziyya a lokaci guda, sannan ya raba mana irin gyaɗar muka cinye. Filin nan shi ne wanda jikokinku ke wasa a kai yau.

Ganina da Malam Tukur na ƙarshe, idonsa ya riga ya tafi. Na durƙusa na miƙa hannu ban faɗi sunana ba. Ya laluba ya tsaya a kan ɗan yatsana da ya karye a wani wasa, wanda shi ya ɗora mini da kara da zare.

"Gola ne," ya ce. "Har yau bai miƙe ba?"

"Bai miƙe ba, Malam."

Ya daɗe yana shafa shi. "Ka yahe mini, ɗana. Ban iya ɗori ba. Tsoro na ji a kai ka asibiti nesa su yanke."

Na yafe, Malam, tun ran da ka ɗaure shi. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya riƙe ka da tausayi kamar yadda ka riƙe mu. Amin.